Yadda Na Koyi Katse Babba da Turanci

Gara in fara da faɗin gaskiya: abin da zan ba da labarinsa ya kwana biyu, kuma ƙwaƙwalwata irin wadda take riƙe fargaba ce ta saki sauran. Ina tuna yadda tafin hannuna ya jiƙe da gumi, amma ba zan iya rantsewa ko ranar Talata ce ko Laraba ba. Maganganun da na sa a bakin mutane, haka nake jin sun faɗe su. Mai yiwuwa na gyara wasu ban sani ba, mai yiwuwa kuma na ɗauki maganar wani na ba wani. Sunaye kuwa na bar su, don ban nemi izinin kowa ba.

Bayan na gama hidimar ƙasa na dawo gida Malumfashi da digirina na fannin noma, na shiga zaman jiran aiki. Damina biyu na yi ina bin Baba gona, maƙwabta suna tambayata ko a jami'a an koya mana wata sabuwar hanyar riƙe fartanya. Wanda ya fitar da ni taubashina ne, ɗan gwaggona, mai kula da sito a wani kamfanin hatsi a Funtua. Ni da shi tun muna yara kowa yake cewa ɗayan bawansa ne, har yau ba a yanke hukunci ba. Shi ya kai ni gaban Alhaji mai kamfanin.

Na ce kamfani, amma kada a zaci wani dogon bene. Sito ne babba, da fili na shanya, da ofis mai ɗaki biyu. Alhaji yana sayen masara da waken suya a kasuwannin Dandume da Danja da ƙauyukan da ke kewaye, ya tara, ya sayar wa wani babban kamfanin abincin kaji da ke kudu. Aiki biyu aka ba ni. Na farko, in riƙa gwada danshin hatsi da wata 'yar na'ura kafin a yi lodi, don masarar da ba ta bushe ba fumfuna take yi a hanya, a dawo da ita. Na biyu, in riƙa wakiltar Alhaji a taron da mutanen kudun suke yi ta kwamfuta kowane mako da masu kai musu kaya daga garuruwa daban-daban, da Turanci.

Alhaji bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Gwaji ne, Malam. Zuwa ƙarshen kaka, in mun ga da kai, ka zauna. In ba mu gani ba, ba faɗa, Malumfashi ba nisa."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." A raina kuwa ina lissafin yadda zan sake shiga unguwarmu da jakata a hannu.

Batun na'ura bai dame ni ba, abin da na karanta ne. Batun Turanci ma da farko bai dame ni ba. Ai da shi na rubuta jarrabawa tun daga firamare har na fita jami'a. Sai da na rubuta saƙon imel na farko sannan na san inda nake.

Akawun kamfanin wata Hajiya ce, sa'ar mahaifiyata, wadda ta yi shekaru tana aikin banki a Kaduna kafin ta dawo gida. Ita take halartar taron a da, har ta gaji ta ce wa Alhaji a nemo yaro. Na kai mata saƙon ta duba kafin in tura. Ta ɗora tabarau ta fara karantawa, ta yi ta ja da yatsa ƙasa, ta yi ta ja.

"Ɗana, wannan wa'azi ne ko ƙasida?"

"Hajiya, sanarwa ce cewa an kammala lodin waken suya."

"To ina wurin da aka ce an kammala?"

Na nuna mata can ƙasa, bayan na gaida Madam, shugabar sashen sayayya ta kamfanin kudun, na tambayi iyalinta da gajiyar aiki, na yi bayanin muhimmancin waken suya ga tattalin arziki. Hajiya ta goge duka ta bar layi uku. Na ji kamar an yi mini aski da kwalba.

Daga ranar ta buɗe mini aji. Bayan azahar, in aiki ya lafa, sai in jawo kujera gefen teburinta. Taubashina yakan zo ya jingina da ƙofa, wai shi ma ɗalibi ne, amma kowa ya san kallo ya kawo shi. Hajiya ba ta koyar da nahawu. Jimloli take ba ni ɗaya-ɗaya kamar magani, kowace da lokacin shanta. In ka haɗa takarda da saƙo, ka ce "please find attached", ka kuma tabbata ka haɗa ɗin. In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, kada ka yi kame-kame, ka ce "I will get back to you", wato zan bincika in waiwaye ka, amma ka sani alkawari ne ka ɗauka, su suna rubutawa. Akwai wadda ta hana ni gaba ɗaya, "as soon as possible", wadda take nufin da zarar an samu hali. Ta ce, "Wannan ta malalata ce. In sun ce yaushe, ka ba su rana. Ka ce in sha Allahu a kai in kana so, ba wanda zai hana ka, amma ranar ta fito."

Na ɗauki karatun da gaske, wataƙila fiye da kima. Ran Juma'a da yamma in zan tafi gida, a cikin mota nake bita, ina motsa leɓe tun daga Funtua har Bakori. Wata rana wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓa ni da za ta sauka, ta ce, "Malam, a sa mu a ciki." Na ce Allah ya biya buƙata. Ban ga amfanin gaya mata cewa tun ɗazu ina neman a tabbatar mini da samun saƙo ne ba.

Cikin ɗan lokaci rubutuna ya gyaru. Ina jin har Hajiya ta fara alfahari da ni, ko da yake ba ta faɗa ba. Matsalar tana wurin taro.

Ga yadda ake yinsa. Madam tana can ofishinsu a Legas, sauran wakilai kowa yana garinsu, ni kuma ina ƙaramin ɗakin ofis da kwamfutar kamfani. Saboda raunin sabis, Hajiya ta ce in riƙa rufe kyamara, murya kaɗai ta isa. Madam mace ce mai sauri. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma daga muryarta na san ta girme ni nesa. Tana buɗe taro da gaisuwar kalma biyu, ta shiga magana. Sauran wakilan kuwa, tana cikin magana sai ka ji wani ya faɗo, ya faɗi nasa, wani ya hau kansa, ita ma ta hau kan su duka. Ba wanda ya ji haushi. Ni dai ina zaune da bayanaina a shirye, ina jiran a zo kaina.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce me nake jira. A gidanmu, in ana taron dangi ko na masallacin unguwa, babba yana magana har ya gama, ya yi shiru, shirun ya ɗan zauna. Sannan ya juya ya ce, "To, wane, kai me ka gani?" Ko a nan ɗin ma ba ka zabura. Sai ka ce abin da manya suka faɗa ya wadatar. Sai an sake ce maka, "A'a, faɗi dai," sannan ka gyara zama ka faɗa. Magana ba ka ake yi, kamar yadda ake miƙo maka ruwa. Ban taɓa ganin wanda ya fizge ta ba, sai mara kunya.

To Madam ba ta miƙa wa kowa. A ƙarshen taro takan ce ko akwai mai ƙarin bayani. Ni kuma sai in dakata, don a cikin wakilan akwai dattawa, kada in riga su. Kafin in gama dakatawa ta yi godiya ta rufe. Wata rana har hannu na ɗaga kamar ɗan aji uku, na riƙe shi sama ya fara sanyi, sannan na tuna kyamarata a rufe take.

Haka aka yi taro uku ko huɗu. Bayan kowanne sai in zauna in rubuta saƙo mai kyau, layi uku, in tura abin da na so faɗa. Ashe kafin saƙon ya isa an riga an raba motoci an wuce wurin.

Wata safiya Alhaji ya kira ni. Yana zaune a benci bakin sito, yana kallon 'yan dako suna sauke kaya. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam, matar nan ta Legas ta kira ni jiya. Ta ce Funtua ta daina zuwa taro."

"Ranka ya daɗe, wallahi ko ɗaya ban taɓa fashi ba."

"Haka Hajiya ta ce. To kana zuwa kana me?"

"Ina saurare, Alhaji."

"Saurare." Ya jinjina kalmar. "In don saurare ne ai da rediyo na saya, ya fi araha." Bai ɗaga murya ba. Ya ce akwai wani ɗan abokinsa a Zariya da ake ta yi masa maganarsa, amma shi ba ya son gaggawa, kaka ba ta ƙare ba tukuna.

Na shiga wurin Hajiya. Da na yi mata bayanin abin da nake jira, ta cire tabarau ta dube ni, sannan ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce ita ma haka ta yi a shekararta ta farko a banki, har aka zaci ba ta jin Turanci.

"Su a wurinsu, wanda ya yi shiru ba shi da abin faɗa ne. Ba rashin kunya ba ne ka shiga, in ka san ƙofar. Ga ta." Ta ba ni jimla biyu: "Sorry to interrupt. May I come in here?" Wato a gafarce ni na katse, ko zan iya sa baki a nan. Ta ce, "Kuma ba izini kake jira ba. Sallama ce. Kana faɗa kana shiga."

Na maimaita sau biyu, ta ce lafazin ya yi. Sai ta ce to a gwada. Za ta yi ta magana, ni kuma in katse ta.

Ta fara ba da labarin tsadar tumatir da yadda 'yan Danja suke ɓoye mai kyau a ƙasan kwando. Na buɗe baki. Na rufe. Ta ci gaba, ta koma kan albasa. Jimlar tana nan a kan harshena, lafiyarta ƙalau, amma ina duban Hajiya sai in ga mahaifiyata. Ta gama da albasa, ta gama da attarugu, ta tsaya.

"Miya ta ƙare, ɗana. Sai dai in fara tuwo."

Taubashina daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, bar ni da shi. Bawana ne, na san makamarsa." Ya shigo ya fara bayanin yadda aka yi asarar kuɗin makaranta a kaina. Bai kai ƙarshen jimla ta biyu ba na faɗa masa da Turancina, tsaf, ba gargada. Na juya ina jiran yabo.

Hajiya ta ce, "Katse taubashi ba katsewa ba ne. Wannan ko da Larabci ka iya. Babba muke nema."

Ban san yadda ta shawo kan Alhaji ba. Washegari bayan la'asar sai ga shi ya shigo ofis ya zauna a kujerar baƙi, ya ce an ce ana buƙatar mai magana. Hajiya ta yi masa bayani: zai ba da labari, ni kuma zan katse shi da Turanci, kuma ya yi haƙuri, karatu ne. Ya ce ba komai, ai neman ilimi ne.

Sai ya ɗauko labarin zamanin auduga, lokacin yana yaro yana bin mahaifinsa kai kaya wurin awo, da yadda layin jakuna yake kaiwa har bakin titi. Alhaji ya iya labari. Ni kuma na tsaya a gabansa hannu a baya, ina neman gurbin da zan shiga, ina ganin kowane gurbi bai dace ba. Nan yana tsakiyar ambaton mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya za a yi in katse? Nan kuma ya kusa kaiwa wurin dariya. Har ya kai ƙarshe, muka ce Allah ya jiƙan magabata, ya tashi ya tafi yana jin daɗi. Ina jin ya manta abin da ya kawo shi.

Kwana biyu bayan haka aka sake. Wannan karon Hajiya ta tsaya a bayansa tana zare mini ido. Alhaji yana cikin bayanin wani jakinsu mai taurin kai, na rufe ido na saki jimlar, da ƙarfin da ban yi niyya ba.

Alhaji ya juyo a hankali ya dube ni daga hula har takalmi.

"Kai, ba ka ga ina magana ba?"

Kafin in san abin da nake yi na kai ƙasa. "Tuba nake, ranka ya daɗe."

Hajiya ta ce, "Alhaji, ai karatun ke nan."

Alhaji ya ce, "Au. Haka ne fa." Sai ya fashe da dariya, ya ce wallahi har ransa ya ɓaci, ashe abin ba daɗi. Taubashina kuwa sai da ya fita waje ya zauna a kan buhu. Har yau in ya ga na shiga taro yakan leƙo ya ce, "Ba ka ga ina magana ba?"

Ban sani ba ko wannan gwajin gaba ya kai ni ko baya. Abin da na sani, a taron da ya biyo baya na yi yunƙuri, na ce "Sorry", wani wakili mai babbar murya ya bi ta kaina, na koma na lafe. Hajiya ta ce an samu ci gaba, kalma ɗaya ta fita.

A shekarar ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa. An fara cire masara ana ɓarewa, sama kuma ba ta daina zubowa ba, manoma suna shanya suna kwashewa. Alhaji ya sayi kaya masu yawa a Dandume, aka jibge a sito. Da safen ranar taro na bi buhunan da na'ura, na gwada na sama, na gwada na tsakiya, na sa aka jawo na ƙasa. Na sake gwadawa, don ban yarda da kaina ba. Danshin ya wuce abin da mutanen kudu suke karɓa, ba da kaɗan ba. Masarar tana buƙatar rana.

Na nemi Alhaji, an ce ya yi sammako wata kasuwar ƙauye inda waya ba ta shiga. Hajiya ta tafi banki. Taubashina ne kawai, shi ma yana fama da masu ɗinkin buhu. Na shiga ɗaki na kunna kwamfuta.

Madam ta zo da sauri fiye da kullum. Injinansu suna jiran masara, ta ce, don haka yau rabon tireloli za a yi. Ta fara jero garuruwa. Da ta zo kanmu ba ta tambayi komai ba, tunda ta saba Funtua ba ta amsawa. Ta ce Alhaji ya shaida musu tun makon jiya kaya sun taru, don haka gobe da asuba motoci za su taso, su yi lodi su juya. Ta wuce gari na gaba.

Na san abin da zai biyo baya in na yi shiru. Motoci za su zo tun daga kudu, ko dai su tsaya suna jiran rana tare da mu, ko a loda ɗanyar masara a dawo mana da ita tana wari. Ko wanne ne, za a tambayi wanda ya gwada kayan, kuma ya zauna a taron. Na tuna ɗan abokin Alhaji na Zariya, wanda ban taɓa gani ba amma a raina dogo ne mai baki.

Madam tana tsakiyar jimla. Babu gurbi, kuma na gane ba za a samu ba. Na dafe tebur da hannu biyu.

"Sorry to interrupt, Madam. May I come in here?"

Na so in tsaya in ji ko an ba ni izini. Sai na tuna sallama ce, na kutsa. Na ce masarar Funtua ba ta bushe ba, na faɗi abin da na'ura ta nuna, na ce in motoci suka taso gobe ba za mu iya lodi ba. Ina jin kalmomin sun fita a jere.

Madam ta ce wane ne wannan. Na ce Funtua ce. Ta ce, da Turancinta mai sauri, ashe Funtua tana da murya. Wani ya yi dariya. Ba ta tsaya nan ba, ta ce to yaushe. Bakina ya ɗauko jimlar malalata, wadda Hajiya ta hana, na haɗiye ta. Na dubi taga, rana ta fito. Na ce a ba mu zuwa farkon mako mai zuwa, in sha Allahu, kuma zan sake gwadawa in tura mata sakamako kafin motoci su taso. Ta ce ya yi, ta karkatar da motocin zuwa wani gari, ta ce na kyauta da na faɗa da wuri. Ta ci gaba da jerinta kamar ba abin da ya faru. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Na katse babbar mace a gaban mutane, kuma ko a jikinta.

Ina kashe kwamfuta wata sabuwar fargaba ta sauko. Ni, ɗan gwaji, na mayar da motocin da Alhaji ya yi mako yana jira, ban tambaye shi ba. Na fita na gaya wa taubashina. Ya ce, "Lallai bawana ya girma. In tafi in tsayar maka da motar Malumfashi, ko za ka jira a kore ka da baki?" Amma ya tashi ya tara 'yan dako, muka shimfiɗa tamfol a fili muka fara zazzage buhuna tun kafin Alhaji ya dawo.

Da la'asar ya iso ya tarar da filinsa ya zama rawaya. Na tare shi tun bai gama fitowa daga mota ba, na durƙusa na yi bayani, ina jin na haɗa da ban-haƙuri fiye da yadda ake buƙata. Ya taka zuwa shanyar, ya ɗebi masara ya murza a tafin hannu, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Ya tofar.

"Da bakinka ka gaya mata?"

"E, ranka ya daɗe."

"Tana cikin magana?"

"Tana ciki, Alhaji."

"Ba ta ce maka komai ba?"

"Ta ce na kyauta."

Ya girgiza kai. "Mutanen nan da ban mamaki suke." Sai ya juya ya ce a ƙaro tamfol, a kuma sa ido a kan hadarin gabas.

Ruwa ya taɓa mu sau ɗaya a kwanakin, muka kwashe a guje muka sake bazawa. Ranar da na yi alkawari na gwada, danshi ya sauka, na tura saƙo mai layi uku. Motoci suka zo suka yi lodi, ba a dawo da ko buhu ɗaya ba, iyakar sanina.

Alhaji bai sake tayar da maganar gwaji ba, ni kuma ban isa in tambaya ba. Kaka ta ƙare ina ta kallon fuskarsa ina fassara kowace gaisuwa. Ashe yana da al'ada: in an gama hada-hadar shekara yakan ba kowane ma'aikacinsa na dindindin buhun masara ya kai gida. Wata Juma'a ina shirin tafiya, taubashina ya kira ni bakin sito ya nuna mini buhuna a jingine da bango. Ya ƙirga da ni.

"Alhaji ya ce wannan na mai katse mutane ne. Ɗauki kayanka, ni ba ɗan dakonka ba ne."

Na je yin godiya, na fara jero addu'a. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce ya isa, in je kada in rasa mota, kuma ran Litinin in zo da wuri akwai waken suya. A bayan wata ƙaramar bas aka ɗaure buhun, na zauna ina waiwayensa har Malumfashi. Baba ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce masarar ba laifi, ko da yake tasa ta fi ta cika.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Taubashina yana cewa ranar taron yana jiyo ni daga sito, wai ihu na yi. Hajiya kuma, wadda ba ta nan, ta dage cewa sai da na ba da haƙuri sau uku kafin in shiga magana, don ta san halina. Ban yarda da ko ɗayansu ba, amma ba zan yi musu da ƙarfi ba. In akwai wanda ya halarci taron nan daga wani gari, ko cikin waɗanda suka yi shanyar nan da mu, ya ga na kauce ko na ƙara gishiri, don Allah ya aiko mini da gyara, ko ya same ni a bakin sito bayan la'asar. Zan gyara, kuma zan gode.